Tak Gilnam da Kwanon Kakanni

A ƙauyen Dolgoge, in ana neman mutumin da bai taɓa ce wa na gaba da shi a'a ba, ba sai an sha wahala ba. A gangara ta bayan ɗakin hutawar tsofaffi, a bi gefen rafi har gonar tuffa ta ƙarshe, za a tarar da shi a kan tsani yana naɗe 'ya'yan itace da takarda don kada tsutsa ta taɓa su. Tak Gilnam ke nan. Ya haura hamsin, gajere ne mai faɗin kafaɗa, wuyansa ya ɗan karkata gaba, ba don ciwo ba, don yawan rusunawa. In ya haɗu da baƙo yakan fara da tambayar shekarar haihuwa kamar kowa, sai dai shi in ya ji an girme shi ko da wata guda ne, fuskarsa har haske take yi kamar wanda aka sauke wa kaya. An sami mai yanke shawara, shi ya huta.

Abu na biyu da aka san shi da shi, ba ya shan giya. Kada a ɗauka wa'azin wani fasto ne ya kama shi. Jikinsa ne ya ƙi. Ranar aurensa surukinsa ya miƙa masa ɗan kofin giyar soju, ya karɓa da hannu biyu, ya juya kai gefe kamar yadda ladabi ya tanada, ya haɗiye. Kafin a kawo miya fuskarsa ta fi tuffarsa ja. Kafin a kwashe kwanuka ya rungume ƙafar tebur yana ba ta haƙuri. Amarya, Ok Malja, ta ce tun ranar ta gane abin da ta aura, amma ba ta yi kuka ba sai da aka wanko hotuna.

To ga mutum ba ya iya sha, ba ya iya ƙi, a garin da babba ke zuba wa ƙarami kuma mai da kofi ya fi zagi ciwo. Da wani ne da ya bar gari. Gilnam sai ya mai da abin sana'a. Tunda ƙarami yana juyawa gefe ya kare kofi da tafin hannu in zai sha a gaban manya, shi ma sai ya juya, ya kare, giyar ta bi hannun rigarsa na dama, inda Malja ta ɗinka masa tsumma mai kauri. Ya juyo yana yamutsa fuska, yana sakin numfashi kamar kowa. Duk gari an sani, ba wanda ya faɗa, domin kowa yana da buƙata a wurinsa. In an tashi daga biki ko zaman makoki dole wani ya tuƙa, kuma shuɗiyar a-kori-kurarsa ta sauke rabin mazan Dolgoge a ƙofar gidajensu kamar buhunan taki, wasu suna waƙa, wasu suna kiran sunan matan da ba nasu ba. Matan gari suna gaishe shi da girmamawa. Mazan kuwa in an waye ba sa kallon idonsa.

Ɗansa ɗaya ne, Munho, wanda ya zo musu a makare bayan sun fid da rai. Dogo ne siriri, ya fi ubansa tsawo tun yana aji biyu na sakandare, kuma a bazarar da ya cika sha takwas ya je ya yi jarrabawar tuƙi ya dawo da lasisi yana nuna wa har karen gida.

A bazarar nan ce ɗan gidan Pyo, abokin karatun Munho, ya ɗauki babur ɗin kai saƙon abinci ya gangaro ta hanyar tudu. Hanyar tana da kwana ɗaya a saman dam, inda ƙarfen kariya ya lanƙwashe tun tuni ba a gyara ba. Yaron bai sha kwanar ba. Bishiya ce ta tare shi, ba don ita ba da ruwa ya karɓe shi kamar yadda ya karɓi wani saurayi na ƙauyen maƙwabta shekarar da ta gabata. An sa masa ƙarfe a cinya, likita ya ce zai yi tafiya amma ba zai ƙara yin gudu ba. An ji warin giya a bakinsa. Daga gidan kakansa yake, inda aka yi taron tunawa da mamaci, amma wannan ɓangaren labarin ba a cika tsayawa a kansa ba.

Ƙaramar hukuma ta aiko cewa a kafa kwamitin hana matasa tuƙi cikin maye. Dagaci ya duba gari gaba da baya yana neman namijin da za a ɗora a kai ba tare da mutane sun yi dariya ba, ya sami mutum ɗaya tak. Ya kira shi.

"Gilnam, kai ne shugaba."

"Yallaɓai, ni da ko taron 'yan tuffa ban iya magana..."

"Na girme ka ko ban girme ka ba?"

"Ka girme ni, yallaɓai."

"To shi ke nan. Ga rigar."

Riga ce rawaya mai ƙyalli, an rubuta Shugaba a baya. Malja ta ɗaga ta da yatsa biyu ta ce, "Baban Munho, wannan ko tsuntsaye za ta kora a gona."

An yi zaman farko a gidan gasa naman alade na bakin titi, tunda a nan ake duk wani zama mai muhimmanci. Dagaci ya zauna can ciki, nesa da ƙofa. Kusa da shi Malam Gu, mataimakin shugaban makarantar sakandare, sai Sajan Pi na ofishin 'yan sanda, wanda ya cire hularsa ya ajiye a kan gwiwa don a san ba a bakin aiki yake ba. Ƙaramar hukuma ta turo wata matashiya, Malama Ha, da kwamfuta a jaka, aka ba ta wurin bakin ƙofa inda takalma suke. Gilnam, da yake shi ne shugaba, aka ba shi almakashin yanka nama.

Malam Gu ne ya fara. "Matsalar tarbiyya ce. A tara yara a babban ɗaki, a yi musu lacca, a sa gasar rubuta insha'i. Wanda ya ci a ba shi takardar yabo."

"Malam, yaron gidan Pyo ai shi ya ci ta bara," in ji Sajan Pi. "A kan illar taba, in ban manta ba."

"Wannan taba ce. Giya daban."

"Ni a ganina shinge ne magani," in ji Sajan. "A tare hanya, kowa ya busa. Sai dai motarmu ɗaya, na'urar busawa ɗaya, kuma duk inda na tsaya, kafin in gama jera robobin hanya labari ya zaga gari a waya. Rannan matata ce ta fara turawa."

Dagaci ya ce a sayo ɗan sandan roba a kafa a kwanar dam. Sajan ya tuna masa cewa an taɓa kafa ɗaya, samari suka sa masa gilashin rana da sigari a baki, daga baya wani manomi ya ɗauke shi ya kai gonar barkono. Malam Gu ya ce to a ɗebi yara a kai su asibiti su ga masu karaya da idonsu. Dagaci ya ce iyaye mata za su cinye su ɗanye, ga jarrabawar shiga jami'a ta kusa. Aka ce a hana mai shago sayar wa yara. Mai gidan abincin, da ta zo canza gawayi, ta ce mai shagon ƙanwarta ce kuma ba ta sayarwa sai ta ga katin shaida, wanda ke da wata magana ya faɗa yanzu tana riƙe da wuta. Ba wanda ke da wata magana.

A nan ne aka kawo kwalabe, domin maƙogwaro ya bushe da tunani.

Malama Ha ta ɗaga hannu kamar 'yar makaranta. "Ranku ya daɗe, na ɗan duba abin da ya fi tasiri a wasu wurare. Lacca ba ta cika daɗewa a kan yara ba. Shinge yana aiki in ba a san ranarsa ba. Amma akwai tambayar da ba mu yi ba. In shago ba ya sayar musu, wa yake ba su? Ina ganin a rubuta cewa duk babban da ya miƙa wa yaro kofi alhali ya san zai tuƙa, shi ma a kama shi."

Dagaci yana riƙe da kwalba a sama, ya tsaya da ita. Gilnam ya duƙufa yana yanka naman da ya riga ya yanka.

"'Yata," in ji dagaci a hankali, "shekararki nawa?"

Ta faɗa.

"To. Yaro a gaban manya yake koyon sha, don ya koyi ladabinsa. Wanda ya koya a bayan makaranta shi ne yake zama ɗan iska. Haka aka yi mana, ga mu nan ba abin da ya same mu. Miƙo kofinki."

Ta miƙa da hannu biyu. Ita ma a ƙasar aka haife ta.

Aka tsai da shawara a kan ƙyallen sanarwa. Sauran zaman ya tafi a kan abin da za a rubuta, domin Malam Gu yana son kalma mai nauyi, dagaci kuma yana son sunansa a ƙasa. Daga ƙarshe aka yarda da "Matasanmu, kurɓi ɗaya ma ya yi yawa." Aka ɗaga kofuna don murnar wannan jimla, aka sake ɗagawa don lafiyar ɗan gidan Pyo. Shugaba ya matse hannun rigarsa a bayan gida, ya kwashe kwamitinsa a a-kori-kura ya rarraba su gida-gida tun rana ba ta faɗi ba. An rataye ƙyallen a mararrabar shiga gari, dogo, daga turken wuta zuwa bishiya.

Da abin ya tsaya nan da Gilnam ya ci gaba da shugabancinsa lafiya har ya tsufa. Sai ga shi ana saura kaɗan bikin kaka, na bayan girbi, tsani ya zame da shi. Ya faɗo a kan hannun dama, ƙashi ya karye a wuri biyu, aka ɗaure shi da filasta daga yatsu har sama da gwiwar hannu, aka rataye masa shi a wuya. Ba tuƙi, in ji likita. Malja ta yanke hannun rigunansa na dama don filasta ta shiga, tsumman nan mai tarihi ya koma goge tebur.

Kafin bikin kaka kuwa dole mazan dangin Tak su hau tudu su yanke ciyawar kaburburan kakanni. Kaburburan suna jere a gefen dutse, daga na ƙasa har na can sama, kuma hanyar zuwa wurinsu ita ce hanyar dam. In an gama yanka, a gaban kowane kabari a kan shimfiɗa tabarma, a ajiye busasshen kifi da 'ya'yan itace, a cika kwanon tagulla da farar giyar shinkafa, a yi sujada. Sannan a ɗauki kwanon a sha abin da kaka ya rage, babba ya kurɓa ya miƙa wa mai bi masa, har ya iso kan ƙarami, wanda shi ke shanye sauran. Albarkar tana cikin abin da aka ajiye a gaban kabarin ne kawai. Wanda ke cikin jarka giya ce kamar kowace.

Mai riƙe da wannan al'ada shi ne yayan mahaifin Gilnam, wanda duk dangi ke kira Baffa. Ya wuce tamanin, yana sa farar riga da malafa, kunnensa kuma yana jin abin da ya ga dama. Tun da Gilnam yana saurayi ya sha kwanon ya kwanta a kan kabarin kakan kakansa yana minshari, Baffa ya yanke hukunci cewa albarka ba ta zama a cikin wannan yaro, ya riƙa tsallake shi. Gilnam bai taɓa jin daɗin wani wulaƙanci kamar wannan ba.

Bana sai Baffa ya bugo waya. "Na ji ɗanka ya yi lasisi. To shi zai kai mu. Kuma tunda ya isa riƙe mota ya isa riƙe kwano. Bana shi ne ƙarami, shi zai shanye."

"To, Baffa," in ji Gilnam, yana rusuna wa wayar.

Ya ajiye ta ya zauna a bakin baranda. Ya ga jerin kaburburan nan a ransa, kowanne da kwanonsa. Ya ga kwanar dam da lanƙwasasshen ƙarfenta, da a-kori-kura cike da mutane da injinan yankan ciyawa, da yaron da lasisinsa bai gama bushewa ba.

Malja tana yanka kabeji ba ta ɗago ba. "Ka ce masa a'a."

"Wa? Baffa?"

"A'a, karen gida. Baban Munho, kai ne fa shugaban kwamiti. Rubutunka ne a rataye a bakin gari."

"Malam Gu ne ya rubuta."

"Sai ka aika Malam Gu ya tuƙo su."

Gilnam ya yi zaman kwamiti shi kaɗai a cikin kansa. A musanya giyar da ruwan shinkafa mai zaƙi? Baffa yana gane giyar gidan wane daga ta gidan wane ta wari kawai. A ce Munho ba shi da lafiya? To wa zai tuƙa, 'yan'uwan da za su zo daga Seoul, waɗanda ba abin da ke kawo su sai kwanon? A kira tasi? Ba direban da zai hau da motarsa wannan hanya, kuma injina ba sa shiga but. Ya je har gidan Baffa da kwalin tuffa, ya durƙusa, ya fara da cewa dokar yanzu ta yi tsanani.

"Me ka ce?"

"Na ce doka, Baffa. Ko kurɓi ɗaya..."

"Tuffar bana ƙanana ne. Ba ka ba su ruwa ba?"

Ya dawo gida ya gwada ta wajen ɗansa. Munho yana wanke motar da ba a sa shi ba.

"In Baffa ya miƙo maka, ka ɗan taɓa da leɓe kawai."

"Baba, ƙarami ai shanyewa yake yi. Yana tsaye a kai har sai an kifa kwano."

"To ka ce kana tuƙi."

Munho ya dube shi daga sama, ba da raini ba, da wani irin tausayi da ya fi raini zafi. "Kai ka taɓa ce masa wani abu?" Ya ci gaba da goge gilashi. "Kuma ai ba komai, Baba. Farar giya ce, kamar kunu. Ɗan gidan Pyo ma cewa ya yi ba giyar ba ce, yashi ne a kwanar."

Gilnam ya lura kunnen yaron ya yi ja don ɗoki. Shekara da shekaru yana tsaye a gefe yana riƙe wa manya jarka, bana za a kira shi namiji.

Ranar ta zo da rana mai kyau. Gilnam ya sa rigar kwamiti, wai ko za ta yi magana a madadinsa. Munho ya hau da su lafiya, yana riƙe da sitiyari kamar zai gudu ya bar shi. Aka yi ta yanka har rana ta take tsaka, 'yan Seoul biyu suna ɗaukar hoto suna kukan ƙudan zuma, Munho yana aikin mutum uku, Gilnam yana jan ciyawa da manjagara da hannu ɗaya.

Aka shimfiɗa tabarma a kabarin ƙasa. Aka cika kwano, aka yi sujada. Baffa ya kurɓa, ya miƙa wa babban ɗan Seoul, ya kurɓa, ya miƙa wa ƙaninsa. Suna kurɓa kaɗan-kaɗan, suna murmushi, don a bar wa sabon namiji abin kirki. Ƙanin ya miƙa hannu ta gaban Gilnam, kamar yadda aka saba wuce shi, zuwa ga Munho, wanda ya riga ya buɗe tafukansa biyu. Makullin motar yana leƙowa daga aljihun wandonsa.

Gilnam ya buɗe baki. Kalmar tana nan, gajeriya ce, yara ƙanana ma suna faɗinta. Ta taso har maƙogwaro ta ga malafar Baffa ta koma.

Abin da ya fito shi ne, "Baffa, a gafarce ni. Ɗa yana sha kafin ubansa?"

Wannan karon kunnen Baffa ya ji sarai. Ya juyo. "Kai ai ba ka iyawa."

"Haka ne, Baffa. Amma a gaban kakanni... kada su ga kamar gidanmu ba a san babba ba."

Baffa ya motsa baki. Shekara tamanin yana koya wa mutane wa ke gaban wa, ba zai tsaya a gaban kabarin ubansa ya ce tsari ba kome ba ne. "Ba shi," ya ce. "Ka kurɓa ka miƙa."

Gilnam ya karɓa da hagu, ya tallafa da filasta. Ya juya gefe don sabo, ya dubi inda hannun riga ya kamata ya kasance, ba kome sai farar filasta da Munho ya zana wa fuskar kyanwa. Ƙasa kuwa ba a zubar da abin kaka. Ya rufe ido ya kafa kai. Bai sauke ba sai da ya ga gindin kwano.

"Kai, wane irin haɗama ne wannan?" in ji Baffa. "Ka bar wa yaro me?"

"Hannu ɗaya ne, Baffa. Ya kufce mini."

"A ƙaro daga jarka," in ji babban ɗan Seoul.

"Na jarka giya ce," in ji Baffa a fusace. "Ni zan ba yaro ɗan makaranta giya? Mu hau na gaba."

A kabari na gaba ma ya kufce masa. A na gaba da shi fuskarsa ta wuce ja ta koma kalar rigar limamin coci ranar biki, ya yi sujada ya daɗe bai ɗago ba sai da aka taɓa shi, amma da kwano ya zo wucewa hannun hagun nan ya tashi shi kaɗai ya tare. 'Yan Seoul sun daina ɗaukar hoton kaburbura sun koma ɗaukar nasa. Munho ya fara da ɓata rai. Daga baya ya daina miƙa hannu, ya koma bayan ubansa ya tsaya, yana riƙe da wuyan rigar rawaya don kada ya gangara.

Kabarin can sama na wanda ya kafa gidan ne, kuma Gilnam da rarrafe ya isa. Baffa ya kurɓa, ya hana 'yan Seoul, ya taka da kansa ya nufi Munho da kwanon a cike. "Ungo. Ubanka ya sha na shekara talatin."

Gilnam yana durƙushe a tsakaninsu. Ba ya iya tashi, don haka bai tashi ba. Ya ɗaga kai, ido ɗaya a rufe, ya nuna kabarin da filasta.

"Yana kallo, Baffa."

Suka dubi juna. Iska ta ɗaga gefen tabarma. Baffa ya dubi kabarin, ya dubi yaron, ya dubi wannan abu mai rawaya da ke gabansa, sannan ya saukar da kwanon ƙasa-ƙasa, daidai bakin Gilnam, har ya riƙe masa gindinsa kamar mai shayar da maraƙi.

"Sha, ɗan banza," ya ce. "Ashe kana da ciki."

A bayan a-kori-kura aka kwantar da shi, tsakanin injina da buhun ciyawa, 'yan Seoul suna riƙe da ƙafafunsa. Baffa ya zauna gaba. Munho ya gangaro a hankali, a kwanar dam har wata tsohuwa mai tura keken kaya ta kusa wuce su. Gilnam bai ga kwanar ba. Yana kallon sama yana ba gizagizai haƙuri ɗaya bayan ɗaya.

A mararraba, daidai ƙarƙashin ƙyallen, Sajan Pi ya kafa shingensa, kuma da yake duk gari suna kan tuddai ba wanda ya sami sukunin tura labari. Ya miƙa wa Munho na'ura, ya busa, ba ta ce kome ba. Sajan ya girgiza ta, ya sa ya sake busawa, domin tun safe ba ta yi shiru a bakin kowa ba. Sannan ya zaga baya ya leƙa.

"Shugaba," ya ce, ya sara masa.

"Sajan," in ji Gilnam daga kwance, "ka girme ni?"

"Da shekara biyu."

"To ka yi haƙuri."

Kafin a kai shi gida hoton da 'yan Seoul suka ɗauka ya riga shi isa. Kwamiti ya zauna a gidan gasa nama ba tare da shi ba, aka yi baƙin ciki ƙwarai, Malam Gu ya ce abin koyi ya zama abin kunya, aka karɓe rigar aka ba dagaci ya riƙe. Malama Ha ta tambaya ko za a rubuta cewa direban motar bai sha ba, aka ce wannan ba ya cikin ajanda. Da aka tashi ne aka tuna ba mai kai kowa gida. An ce sun daɗe a tsaye a bakin titi suna duban makullansu.

Gilnam ya yi kwana biyu yana jin kamar ana sassaƙa turmi a cikin kansa. Malja ta dafa masa miyar busasshen kifi da tsiron wake, irin wadda matan gari suka shekara talatin suna dafa wa mazajensu ita ba ta taɓa dafawa ba, sai da ta tambayi maƙwabciya yadda ake yi. Ta ajiye masa a baranda. A tsakar gida Munho yana wanke motar, da ƙafafunsa biyu, yana fito.

"Kalma ɗaya ce fa," in ji ta. "Da ka faɗe ta da ba ka sha wannan wahala ba."

Ya ɗebi miya da hagu, rabi ya zube. "Baffa ya bugo?"

"Ya bugo. Ya ce baɗi za a sayo babban kwano, tunda yanzu akwai masu sha biyu a gidan nan."

Gilnam ya ajiye cokali. Ya dubi ɗansa, ya dubi tudun da ke bayan gari.

"Baɗi hannuna ya warke," ya ce. "Ni zan tuƙa."

"In Baffa ya miƙo maka fa? Yanzu ai ya san kana da ciki."

Ya dubi miyar. Sannan ya ce, "Maman Munho, tsumman nan da kike goge tebur da shi, akwai irinsa babba?"